Mayafin da Humra Ta Ɓata

Gidan da muke haya a unguwar Ammariyya ta Jidda bangonsa bai san rufin asiri ba. Idan maƙwabciyata ta zuba barkono a mai, ni ce ke fara atishawa, idan na jefa daddawa a miya kuma ita ce ke buɗe taga tana salati. Ƙofarta na kallon tawa. Mutuniyar Pakistan ce, mijinta tela ne mai ɗan shago a Balad, tsohuwar kasuwar garin. Baji nake ce mata, wato yaya a harshensu, don ta girme ni kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

Ranar da na fara shiga ɗakinta aron ashana na je. Ban daɗe da zuwa daga Damagaram ba, ga cikin fari ya soma nauyi. Na tarar da wani abu kamar gadon katako da aka ɗauke wa katifa ya cinye rabin falonta. An shimfiɗa jan yadi a kai, an ɗaure shi da igiya ta kowane gefe an ja shi tam. Ita kuma tana zaune a ƙasa, hannu ɗaya a sama riƙe da allura mai ƙugiya, ɗayan a ƙarƙashin yadin yana ba allurar zare. Allurar na shiga tana fita, sai ga reshe, sai ga ganye, sai ga fure ya buɗe da zaren azurfa. Ranar maigidana ya dawo ya tarar ban ɗora tukunya ba.

Suna da sunan da suke kiran abin, ni dai gado na ce masa, har ita ma ta koma tana cewa gado. Kayan amare take yi a kai. Mijinta ya karɓo aikin a shago, ita ta yi adon a gida, sannan ya yanka ya haɗa. Su sai an gama ado kafin almakashi ya taɓa yadi. Zanen ma a takarda yake, an bi layinsa an huhhuda da allura, sai a ɗora a kan yadi a goga garin alli, a ɗaga a ga furanni sun fito ɗigo-ɗigo suna jiran zare.

Na ce mata ai ni ma na iya surfani, na kawo rigar matashin kai da na yi kafin aure, mai tsuntsaye biyu da nake ji da su. Baji ba ta ko kalli tsuntsayena ba. Juya rigar ta yi ta dubi bayanta, inda ƙulli ya hau ƙulli, zare ya harɗe da zare, ta ɗago ta ce, “Maalesh.” Wato ba komai, amma da irin muryar da ake yi wa mutum ta’aziyya. Haushi ne ya dawo da ni washegari, kuma shi ya zaunar da ni a bakin gadon nan shekara da shekaru. Larabcinta karyayye, nawa ya fi nata karyewa, amma ba mu taɓa rasa abin yi wa juna gardama ba.

A wurinta na san dabka, siririyar waya da aka nannaɗe, ana yanka ta guntu-guntu a zura a allura kamar tsakiya. Na san sitara, ’yan faya-fayan nan masu ƙyalli da huda a tsaka. Na kuma san dokarta guda da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa: ba a zama a gado da maiƙo a hannu, ba a zama da gumi, balle turare. Danshin Jidda kaɗai ya isa ya dusashe azurfa, in aka ƙara masa turare kuwa sai dai a yi haƙuri. A bakin ƙofa take tare ni ta sansana wuyan hannuna. “Ku mutanen nan,” in ji ta, “ko shara za ku kai waje sai kun yi wanka da turare.” Ni kuma in ce gara mu da masu warin tafarnuwa, sannan in je in wanke hannu.

A ƙarƙashin wannan gado ’yata ta fari ta girma. Tun tana rarrafe take shigewa, daga baya ta zama mai tsince sitarar da ta zube tana tarawa a murfin kwalba. Baji maza Allah ya ba ta, don haka ta ɗauke yarinyar nan gaba ɗaya. Ita ke mata kitso irin nasu mai jela ɗaya, ita ke ɗura mata shinkafa mai yaji har hanci na zuba. Khala take kiranta, wato inna. Tun ba ta kai tsayin gadon ba Baji ta yi rantsuwa cewa ranar aurenta ba wanda zai yi mata kaya sai ita.

Ba zan rubuta sunan yarinyar a nan ba, kamar yadda ban taɓa kiransa da bakina ba. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yaba shi, in ya faɗi ma takan ɗan jira ko wani zai ɗaga shi. Haka uwata ta yi wa yayana har ta koma ga Allah, kuma duk gidan mun san shi ne zuciyarta. Ni ban ga aibun wannan kunya ba, har gobe ina ganin kyanta. Sai dai a gida akwai kaka, akwai inna da gwaggo cike da tsakar gida, su ke kiran sunan safe da yamma har yaro ba ya jin an rage masa komai. A Jidda kuwa ni ce kaɗai a ɗaki da ita. Gwaggonta guda, yayar maigidana, can unguwar Madain Fahd take, sai Juma’a ake ganinta.

Abin dariyar shi ne, mutanen nan da sunan ɗan fari suke kiran uwa. Mai kanti, mai gas, matan unguwa, kowa Ummu wance yake ce mini. Sunan da nake ɓoyewa shi ake kwaɗa mini daga ƙasan bene, in amsa kamar ban ji abin da aka ce ba. Ni kuwa “ke” nake ce mata, in ana zance in ce “yarinyar nan”. Ƙannenta da suka biyo baya kowa da sunansa, har da na wasa, ina ɗaukarsu ina rawa da su a gabanta.

Tana makarantar firamare ta taɓa tsayawa a ƙofar kicin ta ce, “Ummi, lesh, don me ba ki kirana? Uwayen ƙawayena habibti suke ce musu.”

Na ce ta miƙo mini ludayi.

Gwaggonta ta yi mata bayani ba sau ɗaya ba, cewa wannan girmamawa ce, ɗan fari ya fi ƙarfin a riƙa jan sunansa a ƙasa. Ta ji da kunne, amma yarinyar da aka haifa a Jidda, wadda take mafarki da Larabci, ba lallai zuciyarta ta ji ba. Ta daina tambaya dai. Ta girma mai hankali, mai shiru, ta fi sakewa a ɗakin Baji fiye da nawa. Ina jin dariyarta ta bango ina wanke-wanke, sai in rage ƙarar famfo don in ji da kyau.

Mijin da ta kawo ɗan Kaduna ne, injiniya, aikin kwantiragi ya kawo shi kuma kwantiragin ya zo ƙarshe. Yaron kirki, ba mu da ta cewa. Amma aurensa na nufin za ta bar ƙasar, a rufe iƙamarta, wato takardarta ta zama a ƙasar, ta tafi inda ba ta taɓa takawa ba. Wanda ya fita haka ba ya dawowa don ya yi marmarin miyar uwarsa. Tun ranar da aka sa biki nake lissafin abu ɗaya a raina: yarinyar nan za ta hau jirgi tana zaton ita ce na fi ƙarancin so a cikin ’ya’yana.

Baji kuwa kamar ita za a aurar. Ta ja amarya da gwaggo suka shiga lungunan Balad, daga wannan shago zuwa wancan, tana murza yadi tsakanin yatsu tana yi wa masu shago tsawa da yarensu. Suka dawo da siliki ja mai duhu, mai kauri, ba irin shara-sharan nan ba. Za a yi buje mai faɗi da ’yar riga, da mayafi babba wanda zai sauka daga ka har ƙasa. Ranar zauren biki za ta sa, sauran ranaku kuma atamfa da leshi irin namu.

Da aka ɗaure yadin mayafin a gado aka goga alli, Baji ta aiko a kira ni. Na shiga na tarar da amarya zaune a gefe, ga allura an zura mata zaren azurfa an ajiye a tsakiyar yadin.

“Yalla, ukhti, ’yar’uwata,” in ji Baji. “A gidanmu uwa ce ke soka allurar farko a mayafin ’yarta. Ki yi bisimilla, ki kira sunanta, ki yi mata addu’a. Haka uwata ta yi mini.”

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Uwa ta zauna tana yi wa ’yar fari kayan aure da hannunta, har ta kira suna, a gaban yarinyar? Ko labari aka kai Damagaram sai an riƙe baki. Na yi ’yar dariya na ce gwaggonta za ta zo Juma’a, ita ce uwar biki, ita ya kamata.

“Gwaggo ce ta haife ta?”

“Baji, ba a yi a wurinmu.”

Amarya ta miƙe tana gyara ɗankwali. “Khalas, shi ke nan, Khala, ki bar ta,” ta ce. “Ta yi wa ’ya’yan mutane kaya sun fi a ƙirga. Ana bas, ni kaɗai ce ba a yi wa.” Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalle ni ba. Ta fita ta ja ƙofa a hankali, kuma da ta buga ta da ƙarfi da ya fi mini sauƙi.

Baji ta zare tabarau ta yi mini tatas. Ta ce shekara nawa tana kallona tana shiru, tana cewa ko al’ada ce, yau ta tabbata dutse ne a ƙirjina. Ni ma na ce mata su da suke rungume ’ya’ya suna lashe su kamar kyanwa, me suka fi mu da shi? Muka rabu baram-baram. Baji ce ta soka allurar farko, ita ta kira sunan, na ji ta ta bango da gangan ta ɗaga murya.

Watannin da ta yi tana aikin nan ban zauna a gado ba. Amma fushina bai hana ni dafa mata abinci ba, don na san in ta kama aiki mantawa take da cikinta. Kullum da azahar in kai kwano in ajiye, in saci kallon mayafin ta gefen ido. Rassa sun bi baki sun zagaye, furanni sun cika da dabka, ’yan lu’ulu’u sun zauna a tsakiyar kowane fure. Wani lokaci in ga inda da ni ce da na ƙara ganye, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, sai in naɗe shi a cikin zane. Baji na gani, sai ta ture kwanon sitara kusa da ƙafata wai ko zan yi tuntuɓe in zauna.

Da mayafi ya sauka daga gado, duk matan bene suka zo kallo. Nauyinsa kamar na jariri. Bujen da rigar suna shago ana haɗawa, shi kuwa gwaggo ta ce a ba ta ta haɗa da sauran kayan amarya a Madain Fahd. Baji ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta riƙe hannun gwaggo ta ce kada turare ya kusance shi, ko ɗigo. Gwaggo ta ce to, to, ta ji.

Ta ji ɗin kuwa, sai dai gwaggo ba ta taɓa yarda wata ’yar Pakistan za ta koya mata gyaran amarya ba. A gidanta aka ajiye wata mata ’yar Chadi mai gyaran jiki, da kaskonta da kwalabenta. Duk suturar da amarya za ta sa sai an kifa ta a kan hayaƙi, an yayyafa mata humra, an ƙulle a leda ta kwana biyu ƙamshi ya kama. Haka ake yi, haka aka yi mini, haka aka yi wa gwaggo. Da aka zo kan mayafi, gwaggo ta ce amaryarsu ba za ta shiga taro tana warin kanti ba. Shi ma aka turara shi, aka ba shi humra har da ƙari don ya fi kowanne tsada a ido, aka ƙulle.

Biki saura ’yan kwanaki gwaggo ta hau benenmu da leda a hannu, ba sallama mai ƙarfi irin tata. Tun daga ƙofa ƙamshi ya riga ta shiga. Muka buɗe a ɗakin Baji. Lu’ulu’un na nan, jan yadin na nan, amma azurfar bakin mayafin duk ta yi baƙi-baƙi kamar gindin tukunya, wani wurin har da kore.

“Wallahi ɗan kaɗan muka sa,” in ji gwaggo.

Baji ba ta yi faɗa ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Zama ta yi ta ɗora mayafin a cinya tana shafa furannin ɗaya bayan ɗaya. Amarya ta shigo ta gani, ta ce maalesh, za ta yafa wani, ai ba dole. Sai kuma ta juya ta fuskanci bango.

Can Baji ta ce yadin bai mutu ba. Za a barbaɗa hoda ta tsotse maiƙon, a mayar da shi gado, a warware duk azurfar da ta ɓaci a sake sabuwa. Amma hannu ɗaya ba zai gama kafin biki ba, ga masu aikin Balad duk sun cika da kayan bayan Salla. Ta faɗi haka tana kallon silin, ba ni ba.

Na tafi kicin ɗinta na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, na goge, na dawo na miƙa mata wuyan hannuna. Ta sansana. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, na ce, “Yaya, gyaran ɓarna ne, ba kayan aure nake yi ba.” Ta kalli baƙar azurfar, ta rufe bakinta. Ni kaina na san ƙarya nake yi, amma ƙaryar ta ba ni wurin zama.

Warwara ta fi ɗinki wuya, musamman aikin Baji da ba ya barin bakin zare a fili. Dole wani ya shiga ƙarƙashin gado ya tsinke ƙullin ta baya, na sama ya zare. Baji ta ce bayanta ba zai iya ba, ni kuma jikina ya wuce shiga nan. Amarya ce ta ɗauki ɗan almakashi da fitilar waya, ta kwanta rigingine ta shige, kamar bakanike a ƙarƙashin mota, ƙafafunta masu sabon lalle kaɗai ke waje. Nan ne dai wurin da take tsince sitara tana ƙarama, sai dai yanzu da ƙyar ya ɗauke ta.

Haka muka yi ta yi kullum daga hantsi zuwa la’asar. Ta tsinke, in zare, Baji ta bi bayanmu da sabon zare, in mun yi nisa ni ma in ɗauki allura. Ba na ganin fuskarta, ba ta ganin tawa, yadi ne tsakaninmu. Sai na lura bakina ya fi sakewa. Na ba ta labarin yadda ake cin kasuwa a garinmu, ta ba ni labarin gidan da mijin ya kama a Kaduna, wai har da bishiyar mangwaro. Ta yi mini dariya da na ce a kula da surukai, na yi mata dariya da ta ce za ta koyi tuƙa tuwo a waya. Tunda na haife ta ba mu taɓa hira mai tsawon wannan ba.

Rana ta ƙarshe, bayan azahar, Baji ta tashi ta ce za ta dafa shayi. Shayin da take gamawa kafin a ƙifta ido, ranar ya daɗe bai tafasa ba. Warwara ta ƙare, saura kusurwa ɗaya da nake cikewa, amma yarinyar ba ta fito ba, wai tana duba ko akwai ƙullin da ya rage.

“Ummi,” ta ce daga ƙasa.

“Na’am.”

“Ba na ganinki, ba ki ganina. Ki kira ni. Marra wahda bas, sau ɗaya, in tafi da shi.”

Allah ya sani na buɗe baki. Sunan ya taso tun daga cikina ya zo maƙogwaro ya tsaya. Ina sonta fiye da yadda nake son numfashina, kuma harshena ya ƙi. Shekaru sun riga sun ɗaure shi, ba rana ɗaya za a kwance ba. Na ji ta ja numfashi, ta ce, “Maalesh, Ummi,” ta fara jan jiki za ta fito.

Na ce, “Ke, tsaya. Haska mini nan.”

A kusurwar akwai ɗan fili tsakanin ganye biyu, daidai inda zai sauka a kafaɗarta ta dama. Ban goga alli ba, ban zana ba. Na zura zaren azurfa, na yi bisimilla a zuci, na soka. Baƙaƙen da na koya a allo ina yarinya su na bi, na farko, na haɗa shi da na biyu. Hannuna na ƙasa yana ba allura zare, hasken wayarta na bin hannun. Ta baya take gani, a juye, amma mutum ba ya ɓata sunansa ko ta ina aka nuna masa. A baƙi na biyu hasken ya soma rawa. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe, na ɗora sitara a inda ɗigo yake, na ƙulle zaren yadda Baji ta koya mini, ba ƙulli a kan ƙulli.

Sai na ga yadin ya ɗan kumbura kusa da rubutun, tafin hannunta ne ta danna daga ƙasa. Na ɗora nawa a kai. Ɗumin hannunta ya ratso silikin, ina jin yadda kuka ke girgiza ta, ni ma na bar nawa ya zuba, amma na kawar da kai gefe don kada ya ɗiga a kan azurfa.

Baji ta shigo da tire ta same mu haka. Ta ajiye, ta sa tabarau, ta sunkuya ta karanta. Sannan ta leƙa ƙasa ta dubi bayan aikin, don ita ba ta da wani wurin dubawa.

“Bayan ya yi kyau,” ta ce. “Yanzu ku ɗauke mini hannuwanku masu gumi daga kan yadi, kafin ku sake ɓata mini aiki.”

Ranar biki ban je zaure ba, uwar amarya ta fari ba ta zuwa tana baza ido a taro. A ɗaki na zauna da tsofaffi ana ta shigowa yi mini barka. Gwaggo ce ta kai ta, Baji ce ta yafa mata mayafin ta kafa masa allurai, kuma an ce ta tsaya a bayanta kamar soja, duk wadda ta matso da kwalbar turare sai ta tare ta da hannu. Gwaggo ta rama a kan sauran kayan, har direban da ya kai su sai da ya sauke gilashi.

Yanzu tana Kaduna da ’ya’yanta. Gadon na nan a falon Baji, idanunmu sun rage amma muna taɓawa, muna kuma faɗa. Idan yarinyar ta kira waya, har yau “ke” nake ce mata, ita kuma ta daina jiran wani abu daban. Da ta haifi ta fari, mace, ta kira ni da hoto, ga jaririya a naɗe cikin jan mayafin, kusurwar nan a kan ƙirjinta. Ta yi ta kiran sunan jaririyar tana sumbatarta a gabana, ko kunya babu. Na ce mata wannan rashin ta ido ne, a garinmu da an yi da ita.

Ta yi dariya ta ce, “Ummi, ni ban iya allura ba.”